Bindiga a ɗaka, waya a aljihu: shawarwari ga gidajen ƙasar Daura

Ranar 1 ga Mayu 2019, bayan sallar magariba, 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa. Sai bayan wata biyu aka ceto shi a Kano. Da hakan ta faru a cikin birni, mutumin Sandamu ko Baure ya daina ganin abin na nesa ne. Amma in hirar tsaro ta tashi a majalisa, bindiga kawai ake tunawa. Ba a cika kawo wayar da ke aljihu ba, alhali labarin gida ta cikinta yake fita.

1. Kada ku sayi bindiga a ɓoye. Dokar makamai ta 1959 tana nan daram: irin su AK-47 ba na farar hula ba ne, ita kuwa bindigar farauta mai harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Gaskiya ne a 2021 Gwamna Masari ya ce jama'a su tashi su kare kansu, sai dai furucin gwamna ba lasisi ba ne, kuma ba shi zai tsaya muku a gaban alƙali ba. Mu da muke bakin iyaka, daga Kwangwalam zuwa Babban Mutum, ba a rasa mai raɗa wa mutum cewa akwai "kaya" da araha. Wa ya san jinin da wannan ƙarfen ya sha kafin ya zo hannunku? Saurayin da ke son tsare garinsu ya nemi rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ko 'yan sintirin da hakimi da 'yan sanda suka san da zamansu.

2. Harba-ka-ruga ta gado, wadda ake samu a gidajen maharba, kada a rataye ta a ɗure. Albarushi daban, bindiga daban, makulli a hannun maigida. A sanar da ofishin 'yan sanda cewa tana nan. Harbin murna kuwa a bar wa 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallar Gani. Gidan biki cike yake da yara.

3. Ku ja kunnen samari kan ɗaukar hoto da bindiga, ko ta aro ce, don a gani a TikTok. Ko sun goge, wani ya riga ya adana.

4. Maigida ya sayar da bijimai a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, kafin ya iso gida ɗansa ya ɗora hotonsa a WhatsApp da addu'ar Allah ya ƙara buɗi. Haka akwatunan lefe, haka sabuwar mota da lambarta ɓaro-ɓaro, haka "Alhaji ya tafi Umara, a taya mu addu'a", wato gida babu namiji har mako biyu. Infoma ba daga daji yake zuwa ba, sau da yawa lambarsa na cikin wayarku. Uwargida, a yi haƙuri a riƙe hoton sai an dawo. A shiga saitin waya kuma a zaɓi waɗanda za su gani, ba duk mai lambarku ba.

5. Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Layin da aka yi wa rajista da sunanku, in aka nemi kuɗin fansa da shi, ƙofarku za a fara ƙwanƙwasawa. Don haka ba a yi wa wani rajistar layi don kunya, ba a sayen wanda aka riga aka yi wa rajista. Waya ta ɓace, a rufe layin a ranar, a sanar da banki.

6. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa, da BVN, da lambar sirrin katin banki, ba a karanta wa kowa, ko da ya yi sallama da muryar malami ya ce taron ƙungiya za a yi. Banki ba ya kira ya tambaye su.

7. Shagon caji da wurin masu tura fina-finai: a kulle waya, a cire memori kafin a miƙa. Hotunan matan gida ta nan suka fi zurarewa.

8. Mai rabon fom ɗin tallafi ya nemi kwafin katin ɗan ƙasa, ku tambaye shi wa ya aiko shi, kuma ina takardar za ta kwana. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ku wannan haƙƙin. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini a kwafin katin wata baiwar Allah, hoto da lamba duk suna nan, mai ya jiƙa rabin sunanta.