Shawara Ga Masu Sayen Siliki a Kasuwannin Arewa

'Yan'uwa mata da iyayen amare na Dogon Dutsi da Tibiri, kafin ku zuba kuɗi a kan yadi mai ƙyalli, ku san abin da kuke saye. Abu uku ake kira siliki a bakin 'yan kasuwa, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Alharini shi ne na asali, wanda tsutsa ke saƙawa. A da fatake ne ke kawo shi Kano ta hamada daga Tarabulus. Tsamiya kuwa zare ne na wata tsutsar daji ta ƙasarmu, launinsa ƙasa-ƙasa, da shi ake aikin wuyan babbar riga. Na uku shi ne ya cika kasuwa yau: zaren roba na masana'anta, mai sheƙi da araha.

Gane su ba wuya. Ku nemi izinin mai kaya, ku zare zare ɗaya daga bakin yadin, ku kunna masa ashana. Na asali zai yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri.

In kun samu na asali, ku wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, kada ku murɗe shi, ku shanya a inuwa. Maza kuma su tuna malamai sun hana namiji sanya alharini zalla.

Ku gwada kafin ku biya, don kuɗin lefe da gumi ake samunsa.