DARASI: YADDA ZA KA TARA AKWATUNAN IMEL ƊINKA WURI ƊAYA

 Darasinmu na wannan fitowa a kan imel ne, wato wasiƙar intanet.

Da yawa cikinmu akwatinsu ya fi ɗaya. Wani an buɗe masa Yahoo tun zamanin shagunan intanet, da ya sayi wayar Android aka sake buɗe masa Gmail, ga kuma wanda ɗansa ya buɗe masa don banki. To, mai saye a Kumasi ya aiko takarda cikin wannan, banki ya aiko cikin wancan, kai kuwa kana hanyar Paga da tirela, ba ka ga ko ɗaya ba. Maganin abin shi ne a tara su wuri guda.

GA YADDA AKE YI

1. Buɗe manhajar Gmail, ka taɓa hotonka ko harafin sunanka a sama ta hannun dama.

2. Zaɓi wurin ƙara wani asusu. Za ka ga Google, Yahoo, Outlook da sauransu. Zaɓi naka, ka sa adireshi da kalmar sirri. Haka za ka yi wa kowane akwati.

3. Taɓa zane ukun nan na sama ta hagu, ka zaɓi ganin akwatuna duka. Sai wasiƙu su jeru a shafi ɗaya.

4. In za ka aika, duba sunan mai aikawa tukuna, don kada takardar ciniki ta fita da adireshin gida.

In wani ya ce zai juyo maka wasiƙun Yahoo kai tsaye kyauta, ka sani Yahoo ya daina wannan tun Janairun 2021.

ABUBUWA HUƊU NA KIYAYEWA

Na farko, layin waya. Ran da ka manta kalmar sirri, a layin da ka ba su za a turo lambar buɗewa. Mu kuwa masu ƙetare iyaka, yau layin Gana ne a waya, gobe na Burkina. Ku tuna rajistar layi da Ghana Card da aka fara a 2021, da layukan da aka rufe a 2023. Saboda haka ka ɗaura akwatunanka duka a layin da ke da sunanka, wanda ba ka bari ya mutu.

Na biyu, daga Disambar 2023 Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Ka riƙa leƙa kowanne.

Na uku, kowane akwati da kalmar sirrinsa daban. Wayar ma ka sa mata makulli, don yanzu duk wanda ya riƙe ta ya riƙe takardunka kaf. Kada ka miƙa wa yaron mota ita a buɗe.

Na huɗu, in wasiƙa ta zo da sunan abokin ciniki wai ya canja lambar asusunsa na banki, kar ka tura ko sidi ɗaya. Kira shi a tsohuwar lambarsa, ka ji daga bakinsa. Kuɗin shanu talatin ba abin wasa ba ne.

Wanda abin ya shige masa duhu, ya zo da wayarsa ranar taro a nuna masa. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.