Kalma ɗaya ta raba shi da aikin tuƙi

Wata baiwar Allah da muke unguwa ɗaya ta yi mini sallama bayan la'asar, ɗanta na biye da ita da jakar leda cike da takardu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, ka duba mana. Ranar gwajin tuƙi kowa ya ce yaron nan ne ya fi, amma wani suka ɗauka. Anya ba hannu aka sa masa ba?"

Yaron direba ne na gaske. Ya yi karen mota tsakanin N'Djamena da Kuseri, ya tuƙa wa wani ɗan kasuwa a Dembe, hanyar Mongo zuwa Abeche kuwa ya san ramukanta. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, 'yan gudun hijira suka kwararo ta Adre, ƙungiyoyin agaji suke ta neman direbobi, kuma da dama sun fi son mai jin Ingilishi. Shi ya sa uwar ta sayar da keken ɗinkinta, ta biya masa kuɗin wani ɗakin koyarwa mai allo a ƙofa da alkawarin Ingilishi cikin wata ɗaya.

Na ce ya ba ni kwafin wasiƙar da ya miƙa. A layi na uku ya rubuta "I work hardly." Ƙasa kaɗan, "I never come lately." Na ɗago na ce, "Ɗana, a wurin intabiyu me suka tambaye ka?" Ya ce wata mata ce ta tambaye shi sau nawa yake duba birki, shi kuma ya amsa da "I check hardly the brakes." Matar ta ajiye biro ta maimaita masa a hankali, "You hardly check the brakes?" Ya yi murmushi ya ce "Yes, madam." Yana ba ni labarin ma murmushin yake yi, don a ransa ya gaya mata yana duba birki da ƙarfinsa. Abin da matar ta ji shi ne, direban da za ta ɗora wa ma'aikatanta da magunguna zuwa iyakar Sudan ba kasafai yake duba birki ba, ta sake tambaya ya tabbatar mata. Wa zai ga laifinta?

Bai tsaya nan ba. Da ya ji shiru, sai ya tura musu saƙo: "I am always waiting for your answer." So yake ya ce har yanzu yana jira. "Toujours" ta Faransanci ce ta ja shi, ita da ke ɗauke da "kullum" da "har yanzu" gaba ɗaya, alhali Ingilishi ya raba su, "still" daban, "always" daban. Ga shi kuma "always" in ta haɗu da aikatau mai "-ing" sau da yawa ƙorafi take nunawa, kamar mai cewa kullum ni kuke bari ina jira. Ya nemi alfarma da harshen mai mita bai sani ba.

Littafin darasinsa ne ya ɓata mini rai. Shafi guda malamin ya ba batun irin waɗannan kalmomi. Ya jera "always", "usually", "often", "sometimes", "never" da kaso-kaso a gabansu, ɗari bisa ɗari har zuwa sifiri, babu jimla ko ɗaya da ke nuna inda ake ajiye su. A ƙasa ya ja layi da jan biro: ka ƙara "-ly" a kan kowace sifa, ka sami bayanau. Shi ke nan darasi. Daga nan "hardly" da "lately" suka fito. Yaron haddace abin da aka ba shi ya yi, har maki aka ba shi a kai. Wanda ya rubuta wannan shafi bai isa ya tsaya gaban allo ba, amma yana nan yana karɓar kuɗin mutane, ya yi wata biyu a Maiduguri ko Accra ya dawo ya zama farfesa.

To ga abin a taƙaice, wanda zai ji ya ji. Kalmomin sau-nawa suna zuwa kafin aikatau: "I always check the oil." Suna bin bayan "am", "is", "are": "I am never late." In akwai mataimaki, tsakiya suke shiga: "I have never had an accident." Ba a raba aikatau da karɓau da su. "Hardly" ba 'yar uwar "hard" ba ce, ma'anarta da ƙyar.

Mu a nan N'Djamena ta ɓangare biyu ake jan mu. Wanda ya yi makarantar Faransanci zai ce "I check always the oil", domin can bayan aikatau ake sa ta. Bahaushe kuma ya saba da "kullum ina zuwa", sai ya ce "Always I come." Dukansu ba su yi ba. "Sometimes" da "usually" suna iya buɗe jimla, "always" kuwa ba ta saba ba sai in umarni kake bayarwa, "Always check the brakes." Kuma kada a cusa ta tsakanin aikatau da ƙaramar kalmar da ke manne da shi. "I look always at the tyres" Faransanci ne da rigar Ingilishi, "I always look at the tyres" ake cewa.

Ƙananan kalmomin nan su ne ke ba ni ciwon kai a aji. "Every" ba ta son kowa a gabanta. "Every morning", "every Friday", haka kawai. Kullum sai na goge "in every morning" a littafin wani, gobe ya dawo da ita. In ka cire "every" ne su ke dawowa: "on Fridays", "in the morning", "at night". Sau biyu a mako "twice a week" ne, ba "two times by week" ba, wannan "by" ɗin "par" ce ta sake kaya. "From time to time" da "once in a while" a haddace su yadda suke, ba a taɓa musu ko harafi. "Never" kuma ba ta buƙatar "don't". Na sake faɗa, "every" ba ta ɗaukar "in" ko "on".

Ku ma masu koyo kuna da naku laifin. Mutum zai shigo, tambayarsa ta farko yaushe za a ba da satifiket. Wani sai daren intabiyu zai buga mini waya, "Malam, a ɗan gyara mini baki kafin safe." Wani ya cika wayarsa da bidiyon TikTok, ya iya gaisuwar 'yan Amurka kala-kala, amma ka ce ya faɗi sau nawa yake canja man inji, sai ya fara sosa ƙeya. Alhali tambayar "How often" ita ce abincin duk wani intabiyu na direba, mai gadi, ma'aikacin jinya ko mai tsaron sito. A garin da ke da hedkwatar Hukumar Tafkin Chadi tun 1964, inda ake aiki da Faransanci da Ingilishi tare, ga Najeriya da Kamaru a maƙwabta, bai kamata a ce wannan tambaya ce ke kayar da yaranmu ba.

Uwar ta tambaye ni ko za a iya karɓo mata kuɗinta. Na ce, "Hajiya, sai dai haƙuri, ko rasit bai ba ku ba." Yaron yana zuwa wurina da yamma yanzu, yana kuma tuƙin kilando, wato kabu-kabu, kafin wani aikin ya fito.

Iyaye, kafin ku biya, ku nemi littafin wani tsohon ɗalibin wurin ku kai wa wanda ya sani ya duba. In jerin kalmomi ne kawai babu jimloli, ku riƙe kuɗinku. Kai kuma mai neman aiki, don Allah ka kawo wasiƙarka a duba maka tun kafin ka miƙa ta, kada ka jira sai an kira wani.