Jijjigar Jarirai Sabbin Haihuwa: Abin da Ido Ke Gani da Abin da Na'ura Ke Gani

Garin Yangoji yana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ta Babban Birnin Tarayya, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lokoja. Mutanensa suna da asibitin gwamnati a Kwali, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, wanda ke da sashen kula da jarirai marasa lafiya. Duk da wannan kusanci, a nan ma, kamar a garuruwa da yawa na ƙasar nan, akan bar jariri mai jijjiga ya kwana a ɗaki, ana cewa iska ce ta shafe shi, ko kuwa ana jira a ga bayan suna. Dalilin wannan jinkiri sau da yawa ba sakaci ba ne. Jijjigar jariri ce ba ta yi kama da wadda mutane suka saba gani ba.

Babban mutum mai farfaɗiya yakan faɗi, ya sandare, ya yi ta shure-shure. Jaririn da bai cika wata ɗaya ba kuwa, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama haɗuwa ba, saboda haka tasa jijjigar takan zo a ɓoye. Wani ya ƙura ido gefe guda, wani ya riƙa tsotsar baki babu nono, wani ya riƙa juya ƙafafu kamar mai tuka keke, wani hannu ɗaya kawai zai riƙa fizga, wani kuwa numfashinsa ne zai ɗauke har leɓɓansa su yi duhu. Akwai kuma karkarwa irin ta jin sanyi ko firgita, wadda ba jijjiga ba ce. Bambancinsu mai sauƙi ne: in aka riƙe hannun da ke karkarwa a hankali sai ya tsaya, amma fizgar jijjiga tana ci gaba ko da an riƙe.

Abin da ya fi kawo wannan ciwo shi ne rashin isasshiyar iska da jini ga ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa, musamman bayan doguwar naƙuda. Jaririn da aka haifa bai yi kuka nan da nan ba, shi ne aka fi jin tsoro a kansa, kuma tasa jijjigar takan fara tun cikin kwanan farko ko na biyu. Ƙarancin sukari a jini, sanƙarau, zubar jini cikin kai, ƙarancin sinadarin kalsiyam, da shawara mai tsanani duk suna iya kawo ta. Ƙarancin sukari kuwa ana gane shi da ɗigon jini ɗaya daga dunduniya, a kuma gyara shi nan take da ruwan gulukos. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 suka ce a fara da auna sukari, sa'an nan a ba da maganin finobabiton a matsayin magani na farko.

Yadda ake sauraron ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana aiki da wata 'yar wutar lantarki ta halitta, mai rauni ƙwarai. Jijjiga ita ce wannan wuta ta tashi gaba ɗaya ba bisa tsari ba. Wani likitan Jamus mai suna Hans Berger shi ne ya fara ɗaukar zanen wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, ya bayyana aikinsa a 1929. Na'urar da ta fito daga wannan aiki likitoci suna kiranta i-i-ji. Ana manna wasu 'yan faya-fayai a fatar kan jariri, tara ko fiye, wayoyi su ɗauki motsin wutar zuwa allon kwamfuta, ya fito kamar layukan igiyar ruwa. Ba a huda fata, ba a kuma sa wa yaro wuta. Na'urar ɗauka take yi kawai. Wajibi ne a faɗi wannan, domin akwai iyayen da kan tsorata da ganin wayoyi a kan ɗansu har su nemi sallama.

A ƙarshen shekarun 1960, a birnin Landan, Douglas Maynard da Pamela Prior suka fito da wata ƙaramar na'ura mai taƙaita zanen awoyi da yawa a layi guda. Daga baya aka shigar da ita ɗakunan jarirai. Faya-fayanta ba su da yawa, ma'aikaciyar jinya da aka koya wa tana iya karanta ta, amma gajeriyar jijjiga ko wadda ta tsaya a lungu ɗaya na ƙwaƙwalwa tana iya wuce ta.

Da aka fara barin waɗannan na'urori a kan jarirai dare da rana, tare da ɗaukar hotonsu na bidiyo, sai aka gano abubuwa biyu masu nauyi. Na farko, jijjiga mai yawa tana faruwa cikin ƙwaƙwalwa alhali jariri yana kwance shiru, babu abin da ke motsi a jikinsa. Na biyu ya fi ɗaure kai: bayan an ba da finobabiton, fizgar jiki takan tsaya, uwa ta yi hamdala, amma wutar tana nan tana tashi a ciki. Akwai kuma motsin da ƙwararrun likitoci ma kan ɗauka jijjiga ce, na'ura ta nuna ba ita ba ce, watau da an ɗura wa yaro magani mai sa barci a banza. Saboda haka ne Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya, a tsarin da ta fitar a 2021, ta ɗora tabbatar da jijjigar jarirai a kan wannan awo. Inda ake da hali, akan bar na'urar har a cika awa 24 bayan jijjigar ƙarshe.

Abin da zanen ke faɗa game da gobe

Tambayar da kowane uba ke yi ita ce, yaron zai tashi lafiya? Likita ba masanin gaibu ba ne, amma zanen yana ba shi haske. Abin da ya fi dubawa ba jijjigar kaɗai ba ce, har da yadda layukan suke a tsakanin jijjiga da jijjiga. In suna tafiya babu yankewa, suna kuma nuna bambancin barci da farkawa tun cikin kwanakin farko, galibin irin waɗannan yara suna girma daidai. In kuwa layin ya kwanta kamar shimfiɗa, ko ya riƙa tashi da ƙarfi yana mutuwa, aka yi kwana biyu ko uku a haka, to haɗarin mutuwa ko nakasa yana da yawa. Asalin ciwon ma yana da hukunci: jijjigar ƙarancin kalsiyam da aka yi wa magani ba kasafai take barin tabo ba, ta rashin iska mai tsanani kuwa tana iya barin shanyewar gaɓoɓi, farfaɗiya, raunin ji ko gani, ko wahalar karatu da ba za ta bayyana ba sai an shiga makaranta.

A Turai da Amurka akan sanyaya jikin jaririn da ya rasa iska zuwa digiri 33.5 har awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa. Amma gwajin da aka yi a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, wanda aka bayyana a 2021, ya nuna hanyar ba ta rage nakasa a asibitocin can ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi. Don haka kada wani ya ji labari ya jiƙa jariri da ruwan sanyi a gida.

Na'urar i-i-ji ba ta cikin ƙananan asibitoci, kuma masu karanta zanen jarirai kaɗan ne a ƙasar nan. Amma awon sukari, iskar oksijin, maganin ƙwayoyin cuta da finobabiton ba sa jiran na'ura. Abin da ke kan iyaye da ungozoma shi ne a kwantar da jariri a gefensa, a lulluɓe shi, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa jiƙo ko a turara shi da hayaƙi, a kama hanyar asibiti a wannan sa'a. In akwai waya mai ɗaukar hoto, wani ya ɗauki motsin domin likita ya gani. Farawa da dakatar da magani duk aikin likita ne.

Bayan sallama, a riƙe takardar asibiti da kyau, a nuna ta duk ranar rigakafi: mako 6, mako 10, mako 14 da wata 9. A nemi ma'aikaci ya auna kewayen kai, wanda kan kai kamar santimita 35 a haihuwa, ya kusa 46 a shekara ɗaya. Kan da ya daina girma alama ce babba. Yaro kan yi murmushi wajen wata 2, ya riƙe wuya wajen wata 4, ya zauna kafin ya wuce wata 9, ya yi tafiya kafin wata 18. Wanda ya makara, ko jikinsa ya cika tauri ko saki, ko ba ya waiwayar ƙara, a mai da shi wurin likitan yara a Gwagwalada ko babban asibiti mafi kusa, domin gashin gaɓoɓi da gwajin ji sun fi amfani in an fara da wuri. Likitoci kan yi cikakken gwajin girma tsakanin wata 18 da 24, su sake duba yaron sa'ad da zai shiga makaranta.