Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Kevin Borlée?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya aiko yana son jin tarihin ɗan tseren nan Kevin Borlée, da kuma ko gadon gudu ya yi.

To Malam, gado ne gaba da baya. An haifi Kevin a Beljiyam a 1988, shi da ɗan tagwaicinsa Jonathan. Mahaifinsu Jacques tsohon ɗan tsere ne, shi ne kuma ya horar da su. Mahaifiyarsu ma ta taɓa gudu.

Fagen Kevin mita 400 ne, zagaye ɗaya na fili, inda ƙafafu kan yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse a mita ɗarin ƙarshe. Ya zama zakaran Turai a Basalona a 2010, ya ci tagulla a gasar duniya ta Daegu a 2011.

A 2016 shi da Jonathan da ƙanensu Dylan suna cikin 'yan tseren miƙa sanda huɗu da suka ciyo wa Beljiyam zinaren Turai a Amsterdam. Yayarsu Olivia kuwa tana da zinaren Olamfik na 2008, wanda aka ba tawagarta ta Beljiyam bayan an kama Rasha da ƙwayoyin ƙara kuzari.

Da fatan ka gamsu.