Kada A Raina Abincin Gida

Ƙasar Shanono tana arewa maso yamma da birnin Kano, tana iyaka da Jihar Katsina. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na bin gona, da wuya a bar saura ta huta. Abin da aka fi shukawa shi ne gero da dawa da wake da gyaɗa. Ga kuka da ɗorawa a tsakiyar gonaki, ga zogale a jikin danga. Wanda ya mallaki waɗannan ya mallaki abinci mai kyau ƙwarai.

Amma da kaka ta yi, sau da yawa manomi ya kan auna wakensa da gyaɗarsa duka ya kai kasuwa, a lokacin da su ke araha, ya sayo shinkafa da taliya da burodi. Kafin Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga aikin noma ya yi yawa, sai gidan ya koma kan koko da tuwo zalla. Yara ƙanana su ke fara ramewa. Wani ƙafarsa ta kumbura, gashinsa ya yi ja, watau tamowa ta kama shi, alhali kuwa maganinta ya fita daga gidan a cikin buhu tun da kaka.

Abinci iri uku ne

Akwai mai ba da ƙarfi, watau hatsi da rogo da mai. Akwai mai gina jiki, watau wake da gyaɗa da nono da nama. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, watau ganye da 'ya'yan itace. Abin gina jiki da ke cikin gero wajen kashi 11 ne cikin ɗari, na wake kuwa ya kusa kashi 25. Har ila yau abin da hatsi ya gaza da shi wake ya ke cikawa, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Gero kuma ya fi gyararriyar shinkafa abin ƙara jini. Saboda irin wannan amfani Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 domin wake da danginsa, ta keɓe 2023 domin gero da danginsa. Mutanen da ba su yi wannan lissafi ba, amma girkinsu ya bi shi daidai.

Waɗanda ya kamata a koma musu

1. Ɗanwake. A kan haɗa garin wake da na dawa ko na rogo, a sa kuka da ruwan kanwa kaɗan, a kwaɓa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa har ya taso ya nuna. A ci da man gyaɗa da yaji. Wanda ya karya da shi ya kan kai azahar a gona bai ji yunwa ba. Amma fa a lura, ɗanwaken da aka yi da fulawa zalla suna ne kawai, ba shi da wake.

2. Dambu. Tsakin gero ko na masara a ke turarawa a madambaci tare da zogale ko rama, sa'an nan a zuba mai da albasa da garin ƙuli-ƙuli. Kwano guda ya tara iri ukun nan duka.

3. Fate. Mutanen Zazzau sun shahara da shi, amma kayansa duk akwai su a Shanono: tsaki, yakuwa, alayyahu, gauta, wake da dakakkiyar gyaɗa. Yana da ruwa-ruwa, saboda haka ya dace da tsoho, da mai jinya, da yaron da aka fara ba abinci. Tsaki kaɗan kuma ya kan cika tukunya, ga shi da damina ganye ba ya wuya.

4. Tuwon dawa da miyar kuka. Kuka tana ƙarfafa ƙashi, daddawar kalwa tana gina jiki. In an jefa wake cikin miyar, to, ta cika.

5. Kunun gyaɗa. Yaron da aka yaye ya fi bukatarsa da koko, domin cikinsa ƙarami ne, gyaɗa kuwa kusan rabinta mai ne. Kaɗan ya kan ƙosar da shi.

Abin kiyayewa

Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, amma yawanta illa ne. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun bincika ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka ga yawan shan kunun kanwa yana cikin abubuwan da ke jawo shi. Mai jego ta fi samun amfani a kunun gyaɗa da fura da nono.

Gyaɗar da ta yi fumfuna tana da guba mai ɓata hanta. A tsince ta a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita. Kuka da zogale kuwa a shanya su a inuwa, gama rana tana rage amfaninsu.

Abin da ke sa manomi gaggawar sayar da wake shi ne tsoron ƙwari. Wannan yana da magani ba tare da guba ba. A busar da waken sarai, a zuba shi cikin buhu mai ruɓi uku da a ke kira PICS, ko cikin jarka mai tsabta, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin za su mutu da kansu. 'Yan kasuwa masu kai kaya Dawanau su ma su kula. A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da baƙo ya ƙi saya bai kamata a ba ɗan gida ba.

To, shawara ita ce, kafin a kai komai kasuwa, maigida ya fara ware na ci. Kowane kwano uku na hatsi a ajiye masa kwano ɗaya na wake, da gyaɗa gwargwadon hali, a ɗaure kada a taɓa sai damina ta yi tsakiya. Abin da ya ragu shi ne na sayarwa. Shukar waken ma riba biyu ce, domin saiwarsa tana ƙara wa gona taki, harawarsa kuma abincin dabbobi ce da rani. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.