Ɗakin Boila Ba Sito Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san maganin hunturu. A rufe taga, a cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa saboda ƙura, in sanyin Janairu ya matsa a shigo da kaskon rushi. Wannan dabara ta Jahun da Wunti, ɗan'uwa, ka ajiye ta a gida kafin ka hau jirgi. Gidan Ingila sai yana shan iska yake zaunuwa.

Ranar da ka karɓi makulli a Bradford ko Coventry, za ka ga wata 'yar ƙofa a kicin ko a ƙarƙashin matakala. A ciki boila take, wato tukunyar gas da ke dafa ruwan wanka, ta kuma tura ruwan zafi cikin ƙarafan da ke jikin bangon ɗakuna. Wani gidan har da tankin ruwan zafi, wasu sabbin benaye kuma da injin da ke zuƙe iskar ciki ya shigo da ta waje. Idon Bahaushe na faɗawa wurin sai ya ga sito ya samu. Kafin mako ya zagayo an jibge akwatuna, buhun shinkafa, da ƙullin daddawa da yajin da Hajiya ta haɗo daga kasuwar Muda Lawal.

Kwashe su. Gaban boila yana son fili kamar santimita 60, yadda mai gyara zai buɗe ta ya yi aiki ba tare da ya tsallake kayanka ba. Kada fenti ko tarin takardu su kwana kusa da ita. Abinci ma ɗumin wurin ba ya yi masa daɗi, kuma ranar da warin daddawa ya kama tawul ɗin da ka shanya a ciki, za ka ba da labari. In akwai kanta a sama, zanen gado da tawul sun isa. Ramukan da ka gani a jikin ƙofar ko a bango kuwa ba ɓarna ba ce. Tsofaffin boila daga ɗakin suke jan iskar da wutarsu ke ci. Ka toshe, sai wutar ta fara fitar da kabon monoksaid, gubar nan marar launi marar wari da ke kashe iyali a gida in an kwana da janareto a rufe. Don haka maganar gawayi a ɗaki ma ba ta taso ba.

Doka tana bayanka a nan. Wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba kayan gas sau ɗaya kowace shekara, kuma sai ma'aikaci mai rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Nemi takardar. Tun Oktoban 2022 kuma dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Danna maɓallinta ka ji ta yi kuka.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne laima. Tururin tuwo da miyar kuka, jiƙewar banɗaki da alwala sau biyar, wanki da aka shanya a falo, duk ruwa ne da ba shi da rana irin ta Bauchi da za ta shanye shi. Sai ya kwanta a gilashi, bango ya yi baƙin fumfuna. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale saboda fumfunar gidansu, har aka yi sabuwar doka a kai. Kunna fankar kicin da ta banɗaki ko da ƙararta na damunka, bar 'yan kafofin saman taga a buɗe, kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18. Na san kuɗin gas na da ciwo ga ɗalibi, amma kashe boila gaba ɗaya tsumulmula ce mai tsada.

Allurar matsin ruwa da ke fuskar boila tsakanin 1 da 1.5 ya kamata ta tsaya in boilar ta huce. Ta faɗi ƙasa, gaya wa mai gida. In kuwa ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin lantarki. Buɗe tagogi, fitar da yara, ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999, daga waje.